Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

 Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu wannan rana ta tunawa da kafuwar ƙungiyarmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalansa, da sahabbansa.

Da kwamitin shirya biki ya ce in yi magana a kan ƴan ci-rani da baƙin ma'aikata, na so in noƙe. Ni ɗalibi ne a jami'a, ban taɓa ƙetare Agadas ba, ban taɓa kwana a gidan da ban san harshen masu shi ba. Sai na tuna cewa a ɗakin da na tashi akwai wata katifa da ta yi shekara huɗu a jingine da bango. Ta yayana ce, lokacin yana Libiya. Da kuɗin da ya riƙa aikowa aka saya mani kaye da biro har na samu BEPC. Sai na ce to, ashe wanga zance a gidanmu yake, ba ni da hujjar gudu. In na yi kure, manya su gyara mani.

Zan fara da tambaya, kuma kai da ke saurare, ko kake karanta wannan ɗan littafi daga baya, ka ba kanka amsa. Mai ga-ruwan da ke kawo ruwa gidanku, mi sunanshi? Daga wane gari ya fito? Ina yake kwana? Ni dai namu ya yi shekara uku yana shiga gidanmu safe da marece, ban san sunanshi ba sai ranar da ya kwanta ciwo, ruwa ya yanke mamu, aka ce in je in nemo shi. Na same shi a wani kango su bakwai, duk ƴan gari ɗaya. Hausawa sun ce ba baƙo ruwa ka sha labari. Mu shi ke ba mu ruwa, kuma ba mu taɓa tambayar labarinshi ba.

Mutum iri uku nake nufi in na ce baƙo ma'aikaci. Akwai ɗan ƙauye da ke shigowa Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai da an gama ɗebe amfanin gona, ya yi ga-ruwa, ko shayi, ko dako a kasuwa, ko kabu-kabu, tare da ƙanwarshi da ke zuwa aikatau a gidajenmu. Akwai ɗan wata ƙasa: maso daga Togo ko Benin, mai sayar da abinci, mai gyaran gashi, malamin lakwal mai zaman kanta, ɗan Najeriya mai kayan gyaran mota. A cikin wannan sahu har da mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina waɗanda ƴan bindiga suka koro zuwa jihar Maraɗi tun 2019, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Cadakori. Manoma ne da makiyaya da maɗinka, da sana'arsu suka zo. Na uku kuwa namu ne na gida, wanda ya dawo daga Aljeriya ko Libiya ko Abijan, ya tarar abokanshi sun yi aure, gari ya sake, an manta da shi a rabon gona. Wannan baƙo ne a gidan ubanshi.

Kafin mu yi maganar yadda za mu karɓi baƙo, mu tuna cewa mu ne baƙin wasu. Kakanninmu sun tafi Kurmi fataucin goro, iyayenmu sun yi bida a Kumasi da Legas da Abijan. Kuma mun san ɗacin kora. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita, ƴan Nijar da yawa suka baro shaguna da gidaje. A Janairun 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora. A 2011 yaƙin Libiya ya maido dubun-dubatar ƴan'uwanmu hannu rabbana. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma galibi daga yankin Kance. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Har yau ana sauke mutane a wani fili da ke kilomita 15 daga Assamaka, su tako da ƙafa cikin rairayi. An kafa doka a 2015 wadda ta haramta safarar ƴan ci-rani, an soke ta a Nuwamba 2023, kuma da dokar da babu dokar mutane ba su daina tafiya ba. Wanda duk ya san wannan tarihi bai kamata ya ji nauyin kalmar baƙo a bakinshi ba.

Kuma ba yau muka fara sanin yadda ake saukar baƙo ba. Mi ya sa akwai unguwar Zango a Damagaram, akwai ta a Yamai, akwai ta a Kumasi da Lome da Kwatano? Don can ayari ke sauka. A zango kuwa akwai mutumin da ake ce ma fatoma. Shi ke ba bafatake ɗaki, ya adana mashi kuɗi, ya nemo mashi mai saye, ya yi mashi tafinta. In rigima ta taso shi ke tsayawa gaban sarki ya ce, wanga baƙona ne, na san shi. Ba kyauta yake yi ba, yana da la'adarshi, kuma kowa ya amfana: baƙo ya sayar, gari ya samu kaya. Abin da nake so in bar maku yau shi ne wannan: fatoma ya ɓace daga garuruwanmu, baƙi kuwa sun ƙaru, kuma ƙungiya irin tamu ita ta fi dacewa ta ɗauki aikinshi.

Malamanmu sun sha karantar da mu abin da ya faru a Madina bayan hijira, lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakanin muhajirai da mutanen gari, mutum da mutum. An haɗa Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u. Sa'adu ya yi mashi tayin rabin dukiyarshi. Abdurrahman ya yi mashi addu'a, bai karɓa ba, ya roƙi a nuna mashi hanyar kasuwa. Ya fara da cuku da man shanu, ba a jima ba ya tsaya da ƙafarshi har ya yi aure. Mun fi son mu tsaya a kan karamcin Sa'adu da kamun kan Abdurrahman, kuma duka gaskiya ne. Amma ku lura da ɗan abin da ke tsakani: sai da wani ɗan gari ya nuna mashi kasuwar. Ƙwararren ɗan kasuwa ne tun Makka, amma bai san Madina ba.

Bari in koma kan yayana. Ya yi aiki a Sabha, daga baya ya wuce Tarabulus. Can ya koyi ɗora karo, ya ƙware har ana ba shi falo sukutum shi kaɗai. Ya iya Larabci irin na kasuwa. Ya dawo ne bayan wani uban gida ya riƙe mashi kuɗin wata biyar, ba shi da takarda, ba shi da wurin kai ƙara. Da ya huta sai ya je wani kamfanin gine-gine a nan cikin gari. Aka tambaye shi takardar shaidar sana'a. Babu. Aka tambaye shi wa ya san aikinshi. Babu kowa, duk gidajen da ya yi suna bayan hamada. Aka ce in yana so a ɗauke shi lebura, ya riƙa kwaɓa siminti yana miƙa ma wanda bai kai shi iyawa ba. Ya dawo gida bai yi magana da kowa ba. Wata takwas ya yi a fada, daga shayi sai karta. Ranar da na ji shi yana waya yana tambayar nawa ne kuɗin mota yanzu daga Agadas, kuma ko har yanzu ran Litinin ake tashi, na san inda aka dosa. Innarmu ma ta ji, ta daina cin abincin dare.

A unguwarmu akwai wani maso ɗan Togo, Kirista, ya fi shekara goma a garin. Lokacin da ya zo masu gidaje sun ƙi ba shi haya, sai Baba ya je ya tsaya mashi wajen wani abokinshi. Wannan maso ya samu aikin wani bene yana neman mai karo. Baba ya sa hula, ya kama hannun yayana kamar ƙaramin yaro, ya kai shi. Abin da ya ce bai fi haka ba: “Ga ɗana. In ya ɓata maka karo guda, ni za ka tambaya.” Aka ba shi ɗaki ɗaya na gwaji. Da mai benen ya zo ya gani, ya ce a ba shi gidan duka. Mason ya koya mashi yadda ake rubuta ƙiyasin kuɗin aiki, wato debi, ni kuma da dare ina koya mashi lissafin murabba'in mita da ƴan kalmomin Faransanci da ake bukata a takarda. Yau yana da yara biyu masu koyo a hannunshi, ɗaya ɗan wani ƙauye ne a yankin Dakoro da ya zo ci-rani. Ku duba: ƙarfinshi da iyawarshi suna nan duk tsawon wata takwas ɗin nan. Mai tsaya mashi ya rasa. Kuma wanda ya buɗe mashi ƙofa baƙo ne da aka taɓa tsaya mashi.

To, in za mu ɗauki aikin fatoma, ta ina za mu fara? Ina ganin ta karatu.

Ni a lakwal mai harshe biyu na yi firamare. Da Hausa aka fara koya mamu karatu da lissafi, Faransanci ya shigo sannu-sannu. Irin wannan makaranta a Damagaram aka fara gwada ta tun 1973. Na ga da idona cewa yaro ba ya jimawa bai iya karatu ba in da harshen da yake mafarki da shi aka fara. Babba ma haka ne. Kuma mu daina ce ma ɗan ci-rani jahili. Da yawansu sun yi makarantar allo, suna rubuta ajami, suna riƙe lissafin bashin gida ashirin a ka ba kuskure. Abin da ke cutar su shi ne takardar da aka miƙo masu a ce sa hannu nan, da rasit, da saƙon waya na kuɗin da suka aika gida, da lambar mota a tasha. Wannan za mu koyar. Ajinmu ya kasance bayan sallar isha'i, don da rana mutum yana neman abinci. Ya kasance daga Nuwamba zuwa Afrilu ko Mayu, don ruwan farko na sauka ajin zai watse, kowa ya koma gona. Darasin da aka tsara ma wata tara bai dace da mutumin da ke da wata biyar ba. Shi kuma ɗan Togo ko ɗan Benin, Hausa yake bukata, ko Zabarmanci in a Yamai yake, don ya yi ciniki, ya gaida maƙwabci, ya faɗa ma likita inda ke mashi ciwo. Wa ya fi mu cancantar koya mashi?

Sai ƴaƴansu. Yaron da aka yi yawo da shi tsakanin Matamaye da Tamanraset ya wuce shekarun shiga aji ɗaya, amma ƙofa ba ta rufe ba. Akwai azuzuwan gaggawa da ake ce ma fasarel, inda yaro mai shekara 8 zuwa 12 ke yin wata tara, a fara da harshen gida a zarce da Faransanci, sannan a sa shi ajin firamare da ya dace da shi. Iyaye da yawa ba su taɓa jin labarinsu ba. Akwai kuma takardar haihuwa. Ba ta, yaro ba ya zama jarrabawa, babba ba ya samun katin ɗan ƙasa. In lokacin yin ta ya wuce, sai an bi ta wajen alƙali, kuma lokaci-lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka da unguwanni su yi ma mutane da yawa a zama ɗaya. Mutumin da ke kwana a kango ba wanda zai gaya mashi ranar. Kai da ke da waya da Faransanci, kai za ka ji, kai za ka je ka kira shi.

Na biyu, horo da shaidar sana'a. Ƙasarmu ba ta rasa wuraren koyo ba. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a kananan hukumomi, inda ake koyar da ɗinki, kafinta, walda, gyaran babur da sauransu. Akwai asusun FAFPA da ke ɗaukar nauyin gajeren horo da koyo a hannun masu sana'a. Akwai majalisar masu sana'ar hannu, inda mai sana'a ke yin rajista ya samu kati. Matsalar ita ce duk waɗannan ƙofofi da Faransanci aka rubuta sunansu, takardun cikawa ma haka, kuma wanda ke ci daga aikin yini ba ya iya ɓata kwana uku yana safa da marwa tsakanin ofisoshi. Aika shi da kwatance bai isa ba. Ka ware safiya guda ka raka shi, ka cika mashi takarda, ka karɓi lambar wayar ma'aikacin, ka riƙa bibiya. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Ga wanda ya riga ya iya aiki kamar yayana, abin da yake bukata shaida ce. Mu taimaka mashi ya tara hotunan aikinshi, mu rubuta mashi takarda wadda mutum biyu ko uku da ya yi ma aiki za su sa ma hannu, mu kai shi ya yi katin mai sana'a. Kuma kada mu ɗauka kullum mu ne masu koyarwa. Wanda ya yi shekaru a gonakin Libiya ya san ban-ruwa da tiyo fiye da ni da na karanta shi a littafi. Wanda ya yi gidan burodi a Aljeriya, ko gareji a Abijan, malami ne. Mu tuna cewa bayan yaƙin Badar, fursunonin da suka iya rubutu an karɓi koyar da yaran Madina a matsayin fansarsu. In an karɓi ilimi daga hannun wanda ya zo yaƙi, ina ga wanda ya zo neman halali? Mu roƙi kowane gwani, ɗan gida ko baƙo, ya ɗauki yaro guda.

Na uku, aiki da haƙƙinshi. A nan sai mun fara duba cikin gidajenmu, kuma ku yi mani haƙuri, ƴan'uwa mata da iyaye. Yarinyar da ke wanke kwanoni a gidanku, nawa ake biyan ta? Ana biyan ta a hannunta ko ana cewa ana tara mata? Shekarunta nawa? Tana da ranar hutu? In ta yi zazzaɓi, asibiti ake kai ta ko tasha? Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya daɗe yana jika 30 da ƴan kai, aka maida shi jika 42 daga Janairun 2024. Kowa ya auna da abin da yake bayarwa. Ba za mu yi kukan uban gidan da ya cinye ma ɗan'uwanmu kuɗi a Tarabulus ba, alhali muna yin ƙaramin irinshi a bayan ɗakin girkinmu.

Dokar aiki ta 2012 tana nan, kuma tana kare ma'aikaci ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Akwai hukumar ANPE inda mai neman aiki ke yin rajista, kuma ita ke sa hannu a kwangilar ma'aikaci ɗan wata ƙasa. Akwai ofishin sufeton aiki inda ake kai ƙarar uban gida. Amma mafi yawan aikin da baƙi ke yi da baki ake ƙulla shi, a bakin titi, ba shaida. Nan ƙungiya za ta yi amfani. Takarda guda, da Hausa, mai layi biyar: wane aiki, nawa, yaushe za a biya, wa ke kawo kayan aiki, su wa suka shaida. Ɗan ƙungiya ɗaya ya sa hannu a matsayin shaida. Wallahi mutane da yawa da ke cin haƙƙin lebura, in suka san akwai wanda zai zo ya yi sallama ƙofar gidansu da takarda, za su biya. Haka nan kayan aiki. Mai karo ba ya aiki sai da injin yanka, maɗinki sai da keke, mai walda sai da injinshi. Adashe muka gada, mu yi na kayan aiki, a saya a ba mutum aro, ya biya sannu-sannu. In ƙungiya za ta gyara masallaci, ko ta yi bencina, ko ta ɗinka rigunan ƴan agaji, ta fara duba waɗannan mutane.

Na san abin da ke ran wasunku, don ni ma ya zo mani. Mu da muke ƴan gari, da diflom a hannu, muna zaune ba aiki, shi ne za mu nema ma baƙo? Tambaya ce ta gaskiya. Ni kaina ban san abin da ke jirana ba in na gama jami'a. Amma ku duba mason nan ɗan Togo: aikin wa ya ƙwace? Ta hannunshi yayana ya samu aiki, ta hannun yayana yara biyu suka samu. Sannan baƙon da ba shi da mai tsaya mashi shi ne ke karɓar rabin kuɗin aiki don yunwa, kuma ranar da ya karɓa, kai ma ɗan gari farashinka ya faɗi. In ka tsaya aka biya shi daidai, kanka ka yi ma. Wasu kuma za su ce, in ka tsaya ma mutum ya ci amana fa? Yana faruwa. Baba ya taɓa tsaya ma wani yaro a wani shago, yaron ya gudu da kuɗin ciniki, Baba ya biya daga aljihunshi, ya yi wata biyu yana biya. Shi ya sa nake cewa kada a bar ma mutum ɗaya. In ƙungiya ce, za ta san garin yaro, ta san mai garinsu, ta san wanda ya kawo shi, kuma in hasara ta zo a raba ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga abin da nake roƙo, kuma na auna shi da ƙarfinmu, ban sa abin da sai mun jira wata ƙungiyar waje ta kawo kuɗi ba.

Kowane reshe ya buɗe kaye guda na baƙin ma'aikatan unguwarshi, da yardarsu: suna, gari, sana'a, da wanda za a kira in wani abu ya faru. Kayen nan amana ne, ba a ba kowa shi don a cutar da su.

Kowane reshe ya buɗe ajin dare guda a ranin bana. Mu ɗalibai mu ɗauki dare biyu a mako. Ƴan'uwa mata su buɗe nasu da la'asar don ƴan aikatau, kuma a je a roƙi uwayen gida su sake su awa guda.

A naɗa mutum uku, ciki har da dattijo ɗaya da ake jin kunyarshi, su zama masu shaida da masu tsayawa. Su ne fatomominmu.

A ware wani abu daga kuɗin wata-wata don kayan aiki, ko da injin guda ne a shekara.

Kai kuma, a karan kanka, ka ɗauki mutum ɗaya. A Madina ma ɗaya da ɗaya aka haɗa. Ka san sunanshi, ka ci abinci da shi, ka raka shi ofis sau ɗaya, ka kai sunanshi inda ake neman mai aiki. Ko musulmi ne ko ba musulmi ba, haƙƙin maƙwabtaka bai tambayi wannan ba.

Ranar 18 ga Disamba ita ce ranar ƴan ci-rani ta duniya, don a irin wannan rana a 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalansu, wadda Nijar ta shiga a 2009. Ina ba da shawara mu riƙe wannan rana ta zama ranar hisabinmu. Kowane reshe ya zo ya faɗi mutum nawa suka iya karanta sunansu, yara nawa suka samu takardar haihuwa, mutum nawa aka tsaya ma suka samu aiki, kuɗin mutum nawa aka karɓo. In biyar ne, a ce biyar. Ba kunya a ƙaramin adadi in na gaskiya ne.

Kada in bar ku da zaton cewa labarin gidanmu ya ƙare lafiya lau. Yayana yana nan, yana aiki, Inna tana cin abincin dare. Amma lambar direban nan na Agadas tana cikin wayarshi har yanzu. Na tambaye shi mi ya sa bai goge ta ba, ya ce mani, “Ƙanena, aikin gini yau akwai gobe babu. In ya tsaya wata uku, mi zan ba yara?” Ban samu amsar da zan ba shi ba. Tafiya neman halali ba laifi ba ce, kuma ba mu da ikon hana kowa. Abin da ke hannunmu shi ne wanda zai tafi ya tafi da karatu da sana'a da takarda, wanda ya dawo ya tarar da mai karɓar shi, wanda ya zo mamu kuma kada ya kwana shekara uku a kango ba wanda ya san sunanshi. A kowace unguwa da kuka fito akwai mai irin wannan lamba a waya. Ku neme shi tun kafin Litinin.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hamada, ya maido mamu da na nesa lafiya, ya sa albarka a gumin kowane mai nema. Allah ya saka ma waɗanda suka kafa wannan ƙungiya da alheri, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mamu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuren kuwa nawa ne, ku yafe mani.